Kakar 2008 ta ƙungiyar Washington Huskies

Washington Huskies ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Jami'ar Washington da ke birnin Seattle. A kakar 2008 ta buga wasanni 12 kuma an doke ta a dukkansu. Ita kaɗai ce a babban matakin gasar jami'o'in Amurka ta gama shekarar ba ta ci wasa ko ɗaya ba.

A lokacin tana rukunin Pac-10 mai jami'o'i goma, inda kowace ƙungiya ke karawa da sauran tara sau ɗai-ɗai. Waɗannan wasanni tara kaɗai ake ƙirgawa wajen jera matsayi a teburin rukuni. Ragowar ukun, da jami'o'in Brigham Young (BYU) da Oklahoma da Notre Dame, suna shiga lissafin kaka ne gaba ɗaya. Washington ta ƙare ta goma, Jami'ar Southern California (USC) kuwa ta ɗauki kambi da nasara 8 cikin 9. Ƙungiya na buƙatar nasara shida kafin a gayyace ta wasannin ƙarshen shekara, don haka tun a ƙarshen Oktoba, da aka doke ta karo na bakwai, wannan ƙofa ta rufe.

Wasan da ya fi ciwo shi ne na biyu, da BYU. Saura daƙiƙa biyu a tashi, Jake Locker, mai jefa ƙwallo kuma jagoran hari, ya kutsa ƙarshen fili ya samo maki shida, ci ya koma 28 da 27, BYU na gaba. Don murna sai ya wurga ƙwallon sama. Alƙalai suka ce ya wuce gona da iri, suka mayar da ƙungiyar baya yadi 15. Bugun ƙarin maki ɗaya da zai kawo kunnen doki ya koma daga yadi 35, 'yan BYU suka tare shi. Hukuncin bai saɓa wa dokar lokacin ba, amma ya yi tsauri.

A wasa na huɗu, da Stanford, Locker ya karye a babban yatsan hannu, bai sake bugawa ba a kakar. Harin ƙungiyar a kansa aka gina shi, da gudunsa da jifansa, kuma Ronnie Fouch da ya maye gurbinsa sabon shiga ne. USC ta lallasa su 56 da 0.

Bayan Notre Dame ta ci su 33 da 7 a ƙarshen Oktoba, jami'ar ta sanar cewa koci Tyrone Willingham zai sauka idan kaka ta ƙare. Babbar damar da ta rage ita ce wasan hamayya na Apple Cup a garin Pullman, da Washington State wadda ita ma ba ta ci kowa a rukunin ba. Huskies na gaba da 10 da 0 aka tafi hutun rabin lokaci, amma suka faɗi 16 da 13 a ƙarin lokaci na biyu. Steve Sarkisian ya gaji Willingham, a 2009 kuma ƙungiyar ta ci wasanni biyar, ciki har da na USC.