Tambayoyi da amsoshi kan bututun HPLC da gwajin magunguna da ragowar maganin feshi

Kabeji, tumatir, karas da dankalin turawa da ake lodawa daga kasuwar Farin Gada a Jos zuwa Abuja da kudancin ƙasar nan, da yawansu an yi musu feshi kafin su bar gona. Haka kuma kowace unguwa tana da kemis ɗin da jama'a ke sayen maganin zazzaɓin cizon sauro ba tare da sanin ko abin da aka rubuta a kwali shi ne a cikin ƙwayar ba. Na'urar da ɗakunan gwaje-gwaje suka fi dogara da ita wajen bincika waɗannan abubuwa biyu ita ce HPLC, wadda ke rarraba sinadarai ta hanyar da ake kira kuromatogirafi na ruwa, kuma amsoshin da ke ƙasa sun fi mayar da hankali ne kan ɗan bututun da ke cikinta, domin shi ne ke yanke hukuncin abin da za a gani da abin da zai wuce ba a gani ba.

Mene ne kuromatogirafi na ruwa, kuma daga ina ya samo asali?

Hanya ce ta rarraba sinadaran da suka cakuɗe. Ana narkar da samfurin a ruwa, a tura shi ta cikin bututun da aka cusa wa wani gari mai laushi. Ruwan shi ne sashe mai gudana, garin kuwa shi ne sashe tsayayye. Kowane sinadari yana da iyakar yadda yake manne wa garin, saboda haka wanda bai manne sosai ba zai riga fita, wanda ya manne kuma zai makara. Abin ya yi kama da mutanen da suka shiga layin kasuwa tare: wanda bai san kowa ba zai fita nan da nan, mai yawan abokai kuwa sai ya tsaya gaisuwa a kowace rumfa.

Wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tswett, shi ne ya fara bayyana dabarar a 1903, inda ya raba launukan ganye a bututun gilashi cike da garin alli. Martin da Synge na Ingila sun faɗaɗa ilimin a 1941, suka samu kyautar Nobel a 1952. A ƙarshen shekarun 1960 ne aka fara tura ruwan da famfo mai ƙarfi ta cikin gari mai matuƙar laushi, abin da ake kira HPLC a yau.

Me ake cusawa a cikin bututun, kuma me ya sa ake yawan jin sunan C18?

Bututun da aka saba gani na ƙarfe ne, tsawonsa milimita 150 ko 250, faɗin cikinsa milimita 4.6. A ciki akwai ƙwayoyin silika masu girman maikuromita 5 ko 3, kowace ƙwaya cike da ƙananan ramuka, ta yadda giram ɗaya tak yakan ba da fili mai faɗin murabba'in mita 200 zuwa 300. A kan wannan fili ne ake ɗaura sarƙoƙin sinadari, kuma irin sarƙar da aka ɗaura ita ce ke ba bututun halinsa. C18 na nufin sarƙa mai ƙwayoyin kabon 18, wadda ba ta shiri da ruwa, tana jan duk sinadarin da ya fi karkata ga maiƙo. Idan aka haɗa ta da ruwa gauraye da metanol ko asitonaitiral, sinadarai masu son ruwa ne ke fara fita, masu son maiƙo su biyo baya yayin da ake ƙara ƙarfin gaurayen.

Farin jinin C18 ya samo asali ne daga cewa mafi yawan magungunan mutane da magungunan feshi na zamani suna da ɗan maiƙo a jikinsu, don haka bututu ɗaya kan yi aikin farasitamol da safe, ya yi na turamadol da yamma. Kundin ƙa'idojin magunguna na Amurka yana kiransa L1, ɗan'uwansa C8 mai gajeriyar sarƙa kuma L7. Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa duk C18 ɗaya ne. Bayan an ɗaura sarƙoƙin, akwai gurabe a jikin silikar da suke zama a buɗe, ana kiransu silanol, kuma waɗannan gurabe suna cafke magungunan da ke ɗauke da naitirojin irin su kulorokwin da turamadol. Sakamakon haka shi ne, maimakon tudun da na'ura ke zanawa don nuna fitowar sinadari daga bututu ya fito a tsaye siriri, sai ya ja wutsiya mai tsawo wadda kan rufe wani ƙaramin gurɓataccen sinadari da ke bayansa. Kamfanoni suna toshe waɗannan gurabe da ƙananan sinadarai, amma kowane kamfani da irin toshiyarsa, shi ya sa hanyar gwajin da ta yi kyau a bututun wani kamfani takan lalace a na wani. Silika ta gargajiya kuma ba ta jure tsami ko kanwa mai yawa. Tsakanin pH 2 da 8 ne take zama lafiya.

Idan C18 ya ƙware haka, me ya sa ake buƙatar wasu?

Saboda akwai sinadaran da ba ya riƙewa ko kaɗan, kuma abin damuwar shi ne suna cikin waɗanda manomanmu suka fi amfani da su. Gilaifoset da farakwat, magungunan kashe ciyawa da ake fesawa kafin shuka a ko'ina a jihar Filato da sauran Arewa, suna son ruwa ƙwarai, don haka sukan wuce ta bututun C18 tare da ruwan farko, cikin gishiri da sukari da sauran tarkacen samfurin. Domin kama su sai an koma ga wani sashe tsayayye dabam: ko dai wanda ke riƙe da ɗan siririn ruwa a jikinsa, dabarar da Andrew Alpert ya raɗa wa suna HILIC a 1990, ko wanda ke musayar caji da sinadarin, ko kuma na kabon mai ramuka. Wasu ɗakunan gwaji kan manna wa gilaifoset wani sinadari mai maiƙo tukuna domin C18 ya iya riƙe shi.

A ganina wannan shi ne abu mafi muhimmanci da ya kamata mai karɓar sakamakon gwaji ya fahimta, ko ɗan kasuwa ne mai son fitar da kaya waje ko ɗalibin Jami'ar Jos mai rubuta kundin kammala karatu. Idan takarda ta ce ba a samu maganin feshi ba, ma'anarta ita ce ba a samu waɗanda aka nema ba, da bututun da aka yi amfani da shi, a sama da iyakar da na'urar ke iya gani. Wajibi ne a tambayi jerin sinadaran da aka nema da mafi ƙarancin adadin da hanyar ke iya aunawa, tun kafin a yi murna.

Akwai kuma sinadaran da ke zuwa da siffa biyu, ɗaya hoton ɗayar ce a madubi. Metalaksil, wanda ake fesa wa dankali saboda cutar ƙunar ganye ta damina, yana cikinsu, kuma siffa ɗaya ce ke yin kusan dukkan aikin. C18 ba ya bambanta su. Sai an yi amfani da silikar da aka lulluɓe da selulos ko amilos da aka sarrafa.

Yaya ake gwada wake ko kabeji?

Ba a zuba kayan gona kai tsaye cikin na'ura. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce QuEChERS, wadda Anastassiades da Lehotay da abokan aikinsu suka wallafa a 2003: a niƙa samfurin, a ɗebi kamar giram 10, a girgiza shi da asitonaitiral, a zuba gishiri da magniziyam salfet domin ruwa ya ware, sannan a tace da wani gari mai kwashe sukari da tsami. Busasshen abu kamar wake sai an fara jiƙa shi da ruwa. Ganye mai kore sosai yana buƙatar baƙin kabon domin cire launin, amma wannan kabon yakan kwashe wasu magungunan kamar kabendazim tare da launin, don haka yawan tsaftacewa ma kan jawo sakamakon ƙarya.

Dalilin wannan taka-tsantsan ya fito fili a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dikulobos, sinadarin da aka fi sani da piya-piya, wanda wasu ke zuba wa wake a rumbu don hana ƙwari. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan 100. Fitilar da ake haska wa ruwan da ke fita daga bututu ba ta iya ganin wannan adadi a cikin tarkacen abinci; sai an jona bututun da na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, wadda ke iya bin sawun ɗaruruwan magunguna a gudu ɗaya.

To, ta yaya ake gane jabun magani?

Ana kwatanta shi da tataccen sinadari wanda aka tabbatar da ingancinsa. Lokacin fitowar tudu shi ke nuna ko wane sinadari ne, faɗin filin da tudun ya rufe kuma shi ke nuna yawansa, kuma galibi ana son adadin ya faɗa tsakanin kashi 90 da 110 cikin 100 na abin da ke rubuce a kwali. Maganin zazzaɓi mai haɗin atimita miligiram 20 da lumefantirin miligiram 120 misali ne mai kyau, domin lumefantirin yana bayyana da sauƙi a hasken na'ura, atimita kuwa da ƙyar ake ganinsa sai da haske mai tsawon zango wajen nanomita 210, inda tarkace da yawa su ma suke bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa kusan ɗaya cikin kowane magani 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko bai kai ƙa'ida ba. Irin wannan aiki ne NAFDAC ke yi a ɗakunan gwajinta na Yaba da Kaduna, haka ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja.

Me ke saurin lalata bututu?

Ruwa marar tsafta, samfurin da ba a tace ba, da gishirin da aka bari ya bushe a ciki idan wuta ta ɗauke ana tsakar aiki. Matata mai ramin maikuromita 0.45, ɗan bututun kariya a gaba, da wanke gishiri kafin a kashe na'ura suna tsawaita rayuwarsa ƙwarai.

Akwai abin da HPLC ba ta dace da shi ba?

Akwai. Tsofaffin magungunan ƙwari irin su DDT da lindan, wanda aka sani a nan da gamalin, sun fi dacewa da kuromatogirafi na iska, inda ake mayar da samfurin tururi. Haka nan dayetilin gilaikol, gubar da ta kashe yara 84 a Nijeriya ta hanyar wani ruwan maganin haƙori tsakanin 2008 da 2009, ta kuma sake bayyana a magungunan tari a Gambiya a 2022, ba ya shan hasken fitilar HPLC, kuma C18 ba ya riƙe shi sosai. Za a iya auna farasitamol da ke cikin irin wannan kwalba a same shi cif yadda aka rubuta, alhali gubar tana cikin ruwan da aka narkar da shi. Saboda haka ake gwada gilisarin da furofilin gilaikol, wato ruwayen da ake narkar da magani a ciki, da na'urar iska tun kafin a haɗa maganin yara da su.