Ɗaukar nauyin bizar aiki a Birtaniya: abin da masanin kwamfuta ɗan Kenya ya kamata ya sani

Nairobi na cike da matasa masu rubuta manhaja, kuma da yawansu idonsu na kan kamfanonin Landan da Manchester. Tambayar da suka fi yi ita ce: wa zai ɗauki nauyina? A dokar Birtaniya amsar guda ce. Kamfanin da ya ba ka aiki shi ne mai ɗaukar nauyinka. Ba dillali ba, ba ɗan uwa da ke zaune can ba.

Shi ma kamfanin sai yana da lasisi daga ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya. Gwamnati na wallafa sunayen masu lasisin a shafinta na gov.uk, kowa na iya dubawa kyauta. Idan kamfanin ya ɗauke ka, zai ba ka shaidar ɗaukar nauyi da ake kira CoS. Lamba ce a kwamfuta mai ɗauke da bayanin aikin da albashin, kuma dole ka nemi biza da ita cikin wata uku.

Albashi ne inda ake yawan cijewa. A Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancinsa daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara, sannan a Yulin 2025 ya koma 41,700. Bayan wannan, kowace sana'a tana da nata ma'aunin, kuma wanda ya fi yawa cikin biyun shi ake bi. Ma'aunin masu rubuta manhaja ya zarce na gama-gari, don haka kamfanin da ke neman sabon hannu a kan kuɗi kaɗan ba zai iya ɗauko shi daga Nairobi ba, sai dai in ya faɗa cikin 'yan rangwamen da doka ta ware, kamar na masu ƙarancin shekaru.

Akwai abin da ke ba 'yan Kenya mamaki. Duk da cewa da Turanci suka yi karatu tun firamare, Kenya ba ta cikin ƙasashen da aka yafe wa shaidar iya harshen. Ko dai a rubuta jarrabawar da aka amince da ita, ko a kai digiri a tantance cewa da Turanci aka koyar da shi. Ana kuma buƙatar gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi, da fam 1,270 da suka kwana 28 a asusu in kamfanin bai tsaya maka ba, da kuɗin kiwon lafiya fam 1,035 na kowace shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne masu sayar da CoS. Kuɗin lasisi da na fitar da shaidar a wuyan kamfani suke, kuma tun ƙarshen 2024 an hana shi ɗora su a kan ma'aikaci. Duk wanda ya ce ka turo shilin dubu ɗaruruwa ta M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya a Kenya, ya samo maka shaida, ko dai ɗan damfara ne, ko yana jefa ka cikin aikin da babu shi. Kafin a biya kowane dillali ko sisi, a duba ko yana da rajista da hukumar samar da aikin yi ta Kenya, wato NEA.

Bizar kuma ɗaure take da kamfanin. In ka sauya wurin aiki, sai sabuwar shaida da sake neman biza. In aka sallame ka ko aka ƙwace lasisin kamfanin, yawanci kwana 60 ake ba ka ka samu wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar.