Cumulus VX

Cumulus VX kwafi ne na babbar manhajar Cumulus Linux wanda aka shirya domin ya yi aiki a cikin kwamfutar kwaikwayo (wato kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin wata kwamfutar), ba a kan suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci tana tura bayanai tsakaninsu) na ainihi irin wanda ake kafawa a cibiyoyin adana bayanai ba. Injiniyoyin sadarwa kan gwada saitukansu da shi kafin su taɓa na'urorin da ke ɗauke da aikin jama'a.

Tarihi

Kwaikwayon na'urorin sadarwa ya girmi wannan manhaja. A shekarar 2005 wani Bafaranshe, Christophe Fillot, ya fara rubuta Dynamips, wadda ke kwaikwayon injin na'urar Cisco 7200, har manhajar kamfanin ta tashi a kan kwamfutar gida, daga baya kuma aka gina GNS3, manhajar kwaikwayon cibiyar sadarwa, a kanta. A wajajen 2010 ne JR Rivers da Nolan Leake suka kafa kamfanin Cumulus Networks a Kalifoniya, da nufin mai saye ya zaɓi suwic daga wani kamfani, manhajarsa kuma daga wani daban. Tun da a kan Debian, wani nau'in Linux, suka gina manhajar, mayar da ita cikin kwamfutar kwaikwayo bai yi wuya ba, kuma an saki VX kyauta a wajajen 2015. Nvidia ta sayi kamfanin a 2020, bayan haka sababbin sigogin Cumulus Linux suka daina aiki a kan suwic masu cip na kamfanin Broadcom, abin da bai yi wa wasu masu amfani daɗi ba.

Yadda yake aiki

Ana tayar da VX a kan manhajojin kwamfutar kwaikwayo irin su VirtualBox, VMware ko KVM. Mashigin eth0 (mashigi shi ne kafar da bayanai ke shiga da fita) na kula da na'urar ne, sauran kuwa sunansu swp1, swp2 har zuwa gaba, daidai da yadda suke a suwic na gaske. Mai gwaji yakan haɗa kwafi shida a kwamfuta ɗaya, biyu a sama huɗu a ƙasa, ya kunna BGP, tsarin da na'urori ke sanar da juna hanyoyin tura bayanai da shi, ta hanyar manhajar FRRouting, sa'an nan ya kashe swp1 da gangan, ya zuba ido ya ga ko bayanai za su canza hanya.

Iyakarsa

Babu cip na musamman mai tura bayanai a ciki, irin na suwic na gaske. Zuciyar manhajar Linux (kernel) ce ke tura bayanan, don haka ba a auna gudun suwic da shi.