Wai mene ne PD da ake tambaya in za ka sayi gilashin ido a intanet?

Na zaɓi firam, na cike komai, sai shafin ya ce in sa PD. Mene ne shi kuma?

Tazara ce tsakanin baƙin ɗigon da ke tsakiyar idonka na dama da na hagu, kuma da milimita ake auna ta. Kowane gilashin magani yana da gurbi guda da gani ya fi fita tas, to mai yanka gilashin da wannan lambar yake saita gurbin ya zauna daidai saitin idonka. Yawancin manya suna tsakanin 54 da 74 ne, akasari wajen 63.

To me ya sa babu shi a takardar likita?

Ita takardar ƙarfin gilashin take nunawa, su SPH da CYL da AXIS. PD kuwa galibi mai haɗa gilashin ne ke aunawa in ka zaɓi firam a gabansa, a intanet kuma wa zai kalli fuskarka? Don haka ranar gwajin ido ka roƙa a rubuta maka shi tun kafin ka fito, suna da na'urar da ke yi cikin minti ɗaya.

In na sa 63 kawai tunda shi ne na yawancin mutane fa?

Nan ne mutane ke cutar kansu. In gurbin nan ya kauce wa idonka gilashin sai ya riƙa karkatar da haske gefe, idanun kuma su yi ta kokawar haɗa hoto biyu ya zama ɗaya, daga nan sai ciwon kai, gajiyar ido, jiri, wani ma ya riƙa ganin abu bibbiyu ya ɗauka likita ne bai iya gwaji ba alhali PD ne. Kuma ɓarnar tana tafiya ne da ƙarfin gilashin. Kuskuren milimita 4 a gilashi mai ƙarfin 1.00 da kyar za ka ji shi, amma a mai 5.00 karkacewar ta ninka sau biyar. Ni dai in ƙarfin gilashinka babba ne ba na ba da shawarar kintace ko kaɗan.

Zan iya aunawa da kaina?

Eh. Ka tsaya gaban madubi kamar santimita 20, ka kara rula a girarka. Rufe idon dama ka saita sifili a tsakiyar baƙin idon hagu, sannan ba tare da ka motsa kai ko rular ba ka rufe hagu ka buɗe dama ka karanta lambar. Maimaita har ka ga lamba ɗaya tana ta dawowa. In wani ne zai auna maka kada ka kalle shi, ka kalli abu can nesa, don idanu suna matsowa juna in suna kallon kusa.

Na ga wasu suna rubuta 32/31.

Wannan kowane ido ne da lambarsa, daga tsakiyar karan hanci, tunda ba kowace fuska ce ɓangarorinta ke daidai ba. Ya fi inganci. In kuma gilashin karatu ne zalla ana rage kamar milimita 3 daga PD na nesa.

Lambobin jikin hannun tsohon gilashina fa, irin 52-18-140?

A'a, girman firam ne: faɗin gilashi, gadar hanci, tsawon hannu.

Akwai wanda bai kamata ya dogara da awon gida ba?

Mai gilashin da ke haɗa ganin nesa da na karatu a jiki ɗaya, don shi bayan PD na kowane ido har tsayin inda idon ke zama cikin firam ɗin sai an auna, kuma sai firam ɗin yana fuskarka ake yi. Sai yara, tunda nasu yana canzawa suna girma, da mai harara-garke. Waɗannan su je wajen ƙwararre ya auna.