Tiyatar zuciya da ƙirji: mi bincike ya gano da ke sa mara lafiya ya tashi?

Tun da aka yi wa ɗiyar yayata aikin bawul ɗin zuciya, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, mutane ke tare ni da tambayoyi, a majalisa, a bakin masallaci, har Inna sai da ta zaunar da ni. Ga waɗanda aka fi yi mini.

Wai da gaske tsayar da zuciya ake yi?

Eh, a mafi yawan aikin da ake buɗe ta. Akwai injin da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, jini ya bi ta cikinsa ya ɗauki iska ya koma jiki. John Gibbon ya fara cin nasara da shi a Amurka a 1953, mu kuma an fara irin wanga aiki a asibitin koyarwa na Enugu a 1974.

To in an iya aikin, binciken mi ake yi kuma?

Ai yanka da ɗinki ba shi kenan ba. Abin da ke kayar da mutum sau da yawa bayan an fito da shi yake zuwa, ko ciwon ya yi ruwa, ko majina ta toshe huhu, ko ƙoda ta gaza. Shi ya sa yanzu ake ƙoƙarin cire mutum daga injin numfashi cikin awa 6, washegari a zaunar da shi, a sa ya yi tari ya taka ƙasa ko da yana jin zafi. Wallahi ranar da na ga nas ta miƙar da yarinyar nan raina ya ɓaci, na ɗauka rashin tausayi ne, ashe kwanciyar ita ke kawo limoniya da daskarewar jini a ƙafa. Mai shan taba ko shisha kuma ana son ya bari aƙalla sati 4 kafin aiki.

Mi ke lalata wa yaranmu zuciya tun farko?

Nan ne abin ya fi cin raina. Ciwon maƙogwaro ne fa, wanda muke rainawa mu ba yaro ruwan ɗumi da zuma, in na ƙwayar cutar nan ce da ake kira sitiref kuma ba a ba da fenisilin ba, jiki sai ya juya ya riƙa yaƙar bawul ɗin zuciyarsa, a hankali a hankali har yaro ya kasa wasa, ƙafa ta kumbura. A Yuganda an bi yaran da cutar ta fara taɓawa tsawon shekara 2, sakamakon ya fito a 2021: waɗanda ake yi wa allurar fenisilin duk sati 4, kashi 0.8 cikin 100 ne nasu ya ƙaru, waɗanda ba a yi wa ba kashi 8.2. Allurar da ba ta kai kuɗin motar zuwa Abuja ba.

In za a canza bawul, na ƙarfe ko na nama, wanne ya fi?

Na ƙarfe yana daɗewa amma sai an sha warfarin, maganin tsinka jini, har ƙarshen rayuwa, a riƙa gwajin INR, wanda ke nuna yadda jinin ya tsinke. Na naman dabba ba ya buƙatar haka sai dai yana tsufa, a jikin matashi ma ya fi saurin lalacewa. Ga mace mai son haihuwa maganar ta fi nauyi don warfarin na iya cutar da ɗan tayi. Kuma mai shansa kada ya canza yadda yake cin alayyahu da zogale kwatsam, kada ya haɗa da sassaƙe bai gaya wa likita ba.

Mu da ke cikin Sakkwato zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) gwaji ba wuya, amma wanda ke Isa ko Illela fa? Yayata sai da ta tambayi likita inda za a riƙa gwajin da nawa ne kuɗinsa duk wata kafin ta sa hannu a takarda.