Goshi da ƙeyar kalma: yadda za a koya wa yara ɗafi

Mene ne ɗafi tukuna?

Ɗan guntu ne da ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai an manna shi a jikin saiwar kalma. In ya zo gaba, ɗafa-goshi ne, kamar ba- a Bagobiri. In ya zo baya, ɗafa-ƙeya, kamar -awa a Gobirawa. Akwai ɗafa-ciki ma: gurgu, guragu. Ina ƙaunar sunayen nan, domin yaro yana iya dafa goshinsa, ya shafa ƙeyarsa, darasi ya zauna.

Ta ina malami zai fara?

Kada ya fara da rubuta ma'ana a allo. Ni da unguwannin Sakkwato nake farawa. Nakan tambayi 'yan aji huɗu: wa ya san Marina? Wa ya taɓa zuwa Maƙera Assada? Hannuwa su tashi. Me ake yi can tun asali? Rini da ƙira. Mai aikin fa? Marini, maƙeri. Daga nan su da kansu suke jero majemi, mahauci, manomi. Rannan wata yarinya daga bencin baya ta zaro mabuɗin akwatinta ta ce, “Malam, wannan fa?” Ita ta gano mana aiki na uku na ma-: bayan mai yi da wurin yi, akwai abin yi, irin su madubi da matsefi. Sai a ƙarshen mako na faɗa musu sunansa ɗafa-goshi.

'Yan Islamiyya kuwa nan take suke tuno madarasa da masjid, don Larabci ma yana gina sunan wuri da ma-.

Ɗafa-ƙeya fa?

Aikatau ɗaya, wato kalmar aiki, ya isa. A kafa 'yar kasuwa a aji da ƙullin gyaɗa: Bello ya sayi gyaɗa, ya sayo wa aji, Nana ta sayar, wani ya saye duka, gyaɗa ta sayu. Ƙarshen kawai aka taɓa, amma mai saye ya koma mai sayarwa. Haka manomi, manomiya, manoma.

Ina yara suka fi tuntuɓe?

Da sun kama ma-, sai su riƙa ganinsa ko'ina: masara, madara, mage. A ce su cire shi. In abin da ya rage ba shi da dangantaka da ma'anar, to ba ɗafi ba ne. Sai sauyin harafi: Sakkwato ta ba da Basakkwace, Hausa ta ba da Bahaushe, saboda t da s sukan koma c da sh a gaban e ko i. Akwai kuma wanda boko ba ya nunawa, wato karin sauti, hawa da saukar murya. Makaranta wuri, makaranta masu karatu, rubutu ɗaya ne. Wannan sai an furta da ƙarfi, kunne ya raba.

In yaro ya kawo Sakkwatanci, a gyara masa?

A nuna masa, ban da kyara. Wanda ya ce “rigab Bello” bai yi kuskure ba, haka ake faɗi a gidansu. A rubuta ta kusa da “rigar Bello”, a ce ta biyun ce Daidaitacciyar Hausa da ake so a jarrabawa. Daga nan a ja layi ƙarƙashin kalmar Sakkwatanci kanta, su nemo ƙeyarta, su haɗa ta da Katsinanci da Kananci.