Me ya sa ake tambayar maza ko suna da ciki a asibitocin Birtaniya?

Da gaske ne ana yi wa namiji wannan tambayar?

Da gaske ne, amma ba a kowane sashe na asibiti ba. An fi jin ta a ɗakin ɗaukar hoto, kafin a yi wa mutum X-ray ko CT na ciki da ƙugu, ko kafin a fara gashin ciwon daji. A 2022 jaridun ƙasar sun ba da labarin asibitin Walton da ke Libaful, inda ake tambayar maza da mata baki ɗaya.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga doka. Hasken da injinan nan ke fitarwa yana iya illata ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 8 da na 15, lokacin da ƙwaƙwalwa ke haɗuwa. Tsohuwar dokar ta ce a tambayi mata masu shekarun haihuwa. A 2017 aka sabunta ta, aka cire kalmar mata, aka ce duk mutumin da zai iya ɗaukar ciki. Sai a 2021 ƙungiyar masu ɗaukar hoton asibiti ta ƙasar ta fitar da jagora ga membobinta: a binciki duk mai shekara 12 zuwa 55.

Amma namiji ai ba ya ɗaukar ciki.

Wanda aka haifa namiji ba shi da mahaifa, wannan ba abin musu ba ne. Matsalar tana cikin fayil. A can, wadda aka haifa mace tana iya sauya suna, ta sha maganin da ke fito da gemu, a rubuta namiji a katinta, alhali mahaifarta tana nan. A 2019 mujallar New England Journal of Medicine ta kawo labarin wani majinyaci ɗan shekara 32 a Amurka da ya je asibiti da matsanancin ciwon ciki. Fayil ya ce namiji, ba a ɗauki lamarin da gaggawa ba, ashe naƙuda ce. Jaririn bai zo da rai ba. Duk ra'ayin mutum game da sauya jinsi, wannan jaririn bai yi laifin komai ba, kuma irinsa ake son karewa.

To me ya sa mutane ke fushi?

Suna da hujja. Magidancin da aka gaya wa yana da ciwon daji, hankalinsa a tashe, a ce masa ko yana da juna biyu, zai ji kamar an raina shi. Mata da yawa kuma ba su yarda a goge sunansu daga zancen haihuwa ba. Ni a ganina a fara tambayar jinsin da aka haifi mutum da shi, a takarda, a keɓe. Wanda ya ce namiji, a wuce wurin.

Bahaushen da ke zaune a can ya yi yaya?

Harshenmu ba ya ɓoye jinsi: ko «kana», ko «kina». Shi ya sa tambayar ta fi nauyi a kunnenmu, tafinta ma yakan rasa yadda zai juya ta. A amsa a'a, shi ke nan. Budurwar da aka tambaya a gaban mahaifinta kuwa tana da damar ta nemi a yi maganar ita da ma'aikaciya su biyu.